Rasuwar Bambar Gaba ta Jar Motar Baba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, ni ɗan autan mai fenti, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bambar gaba ta jar motarmu mai ƙofa biyu. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a garejin gida, a hannuna.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Shekara goma sha ɗaya tana shan ramuka, iyakarta ta ce "ƙurrr" idan cikinta ya gogi ƙasa. Baba ne ya fesa mata fenti, aikinsa na ƙarshe ke nan kafin ya rasu. Jan nan da ido ya haɗa shi a gwangwani, bai rubuta a ko'ina ba.

Ba ta yi jinya ba. Ni ne gayu ya ɗebe ni, na sayo 'yar tagar iska ta baƙar roba, irin ta motocin tsere. Na auna inda zan yanka a jikin bambar in sa tagar, na zana da alli, na aro injin yanka wurin maƙwabcinmu mai walda. Ban taɓa ganin Baba ya karanta takardar cikin kwali ba, don haka ni ma ban karanta ba. Injin ya shiga, ta ce "ƙiiii". Ya zarce layi, ta ce "ƙas", ta tsage har ƙasan fitila. Sai da na juya tagar na ga gam a bayanta. Ashe ɓare takarda kawai ake yi a manna. Ko iskar ma ba ta shiga ta cikinta.

Ban yi kuka ba, har yanzu. Na dai share garejin sau biyu.

Ta rasu ta bar fitilu biyu, da 'yar uwarta ta baya, da Mama, wadda ta leƙo ta dubi tsagar ta ce, "Auta, ka ci abinci kuwa?" ta koma ciki. Da ma zagina ta yi. Masu fenti uku sun duba, duk bakinsu ɗaya: sabuwar bamba ba wuya, amma jan nan sai dai a kamanta.

Za a kwance gawar ranar Talata da ƙarfe goma. Ba za a kai ta bola ba, za a rataye ta a bangon gareji kusa da bindigar fentin Baba. Masu cewa "ai da ka tambaye ni" su huta, Yaya ya riga ya wakilce su.

Guntun da na yanke yana aljihuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Baba yana haɗa fenti, don Allah ya zo da wuri ya faɗa mini abin da ya gani. Ranar da ya haɗa wannan, ya kira ni sau biyu in zo in gani, ni kuwa ina waje ina latsa waya.