Mai Jan Babur

Sati uku kacal na yi a ƙungiyar waƙar garinmu, amma har na gaya wa matata Bunkure ba ta taɓa jin murya irin tawa ba. Aikinmu 'yan amshi mu maimaita baitin da Malam, jagoranmu, ya rera.

Ranar walima na lumshe ido, na dafe kunne. Sai Malam ya ce a lasifika, "Mai jan babur ya zo ya matsar, ya tare wa motar tumatir hanya."

Ni kaɗai na karɓa, na rangaɗa har da jan "hanyaaa". Wuri ya kaure da dariya. Babur ɗin kuma nawa ne.

Yanzu ko tuwo matata ta gama, sai ta dafe kunne ta rera, "Mai jan babur ya zo ya ci."