Kwalbar da Moutari Ya Kawo daga Lyon

"...Ya gajiyar jirgi? Ya mutanen Lyon? To madalla. Tsaya nan bakin ƙofa, mashayi, kada ka taka mini darduma."

Da haka Hajiya Sabuwa ta tarbi jikanta Moutari a gidanta na La Courneuve da ke gefen Paris. Gogan naka ko a jikinsa. Ya tuɓe takalmi ya shige, ya dire wata kwalba a kan tebur yana wani hura hanci.

Moutari kimiyyar abinci ya karanta a Lyon. Can ya haɗa wani abin sha mai launi da ƙamshin wiskin Amurka da ake kira burbon, amma babu ɗigon barasa a ciki, ga araha. Turawa sai rububinsa suke. Sai dai labarin ya iso Paris a karkace, dangi suka ce ɗan Rabi'atu ya koma sayar da giya, uwar ta daina ɗaukar wayarsa. Abin nan yana cinsa a rai ba kaɗan ba. Ya kuma san halin gidansu sarai: in tsohuwar nan ta kurɓa, magana ta mutu, in ta ture, shi ke nan, sai dai ya yi ta gaida uwarsa daga nesa.

"Haba amarya, haka ake tarbar maigida?"

"Maigidan wa? Na sake ka tun ran da na ji sana'arka."

"Mace ke saki yanzu? Don dai kin ga babu alƙali a Paris."

"Ni ce alƙalin. Mene ne wannan mai kama da fitsarin raƙumi?"

"Kin taɓa sha ne, da kika gane shi?"

"Ungo naka! Mara kunya."

Ya kwashe da dariya. Ya ɗauko ƙaramin kofin gilas ya tsiyaya kaɗan.

"Hajiya, wallahi babu barasa. Shayin da kike kwankwaɗa ya fi shi bugarwa."

"Ka rantse?"

"Na rantse. Ki tuna duk ƙaryar da na taɓa yi miki, ban taɓa haɗawa da sunan Allah ba."

Ta ƙura masa ido. Wannan kam gaskiya ne.

"To miƙo in shanye, in na mutu ka huta da cefane."

"A'a! Ba fura ba ce. Da farko ki ɗaga shi ki dubi launi."

"Na duba. Mummuna ne, ya biyo mai shi."

"Mai shi da 'yan matan Lyon ke layi a kansa? Yanzu ki juya kofin a hankali. Voilà, yawwa. Sai ki shinshina."

"Ni karya ce?"

"Turawa makaranta suke shiga don su koyi wannan shinshinar."

"Allah sarki! Shi ya sa ba su da lokacin sa yaji a miya."

Duk da haka ta kai hanci. Sai ga tsohuwa ta ɗan ɗaga gira. Moutari ya gani, ya gyara tsayuwa, ƙirji a gaba.

"Kurɓi kaɗan, ki riƙe a baki, kada ki haɗiye tukuna."

Ta yi bismilla ta kurɓa, ta lumshe ido. Can ta haɗiye ta yi gyatsa.

"Masara ce."

"Gasasshiya."

"Da tsamiya. Da kanumfari. Dabino ma ya leƙo. Kai, yaron nan! Duk wannan fankamar ashe kayan kasuwarmu ta Château Rouge ne?"

"Shi ya sa talaka ke iya saye. Amma saura abu guda, kuma na san tsufa ba zai bar ki ki gano ba."

"Tsufan uwarka. Ƙaro."

Ya ƙara. Wannan karon ta daɗe tana juya shi a baki. Kwatsam ta buɗe ido, ta dafe ƙirji.

"Randata! Ɓarawo! Wannan ruwan randata ne na Maraɗi!"

Moutari ya yi tsalle har da tafi. Ai kuwa haka ne. Su Amurkawa cikin gangar katako da aka babbake suke ajiye nasu, daga nan yake samun ƙamshin hayaƙi. Shi kuwa da ya rasa ganga, sai ya tuna yadda Hajiya ke kifa randa a kan garwashi da kajiji kafin ta zuba ruwan sha. Haka ya yi ta turara tulu a ɗan ɗakinsa na Lyon har maƙwabta suka fara tari.

"Kin ji, amarya? Ni kaɗai ne a duk Faransa na iya wannan."

"Kai wa? Ni na iya! Tun kafin a haifi Amurka nake turara randa. Su ma wurina suka sata, zan kai ƙara."

"Ashe kin girmi Amurka? Shi ya sa haƙoran suka yi hijira."

"Waɗanda suka rage sun isa su cije ka. Cika mini kofin, marowaci."

"Fitsarin raƙumin?"

"Raƙumin gidanmu ne, ina ruwanka?"

Ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame. Sannan ta jawo wayarta ta latsa, ta ƙara murya yadda zai ji.

"Rabi'atu? Ga ni nan ina shan giyar ɗanki. Na sha na ƙara, ban bugu ba, yanzu ma zan tashi in yi la'asar. Duk mai magana a dangi ya zo ya same ni. Na mai da aurena da shi. Ungo, ku gaisa."

Ta cusa masa wayar. Ya karɓa ya kai kunne.

"Inna... ina wuni?"

Ya damƙe wayar yana jira. Sai ya ji muryar uwarsa a sanyaye.

"Moutari, ka ci abinci kuwa?"