Ƙwaƙwalwar Ƙungiya

Ƙungiyarmu ta masu sayar da zuma a Birnin Gwari ta so adireshin imel mai ɗauke da sunanta. Na ce su bar min aikin, ai na taɓa zaman Kaduna. Na sayi sunan, na yanka wa kowa adireshinsa. Don gwaji, na tura wa kaina saƙo: "Injiniya, kai kaɗai ne mai ƙwaƙwalwa a ƙungiyar nan." Ashe na haɗa adireshina da wayar kowa, saƙon ya shiga wayoyinsu duka.

Washegari a kasuwa, shugabanmu ya miƙe, ya kakkaɓe min benci. "Zauna, Injiniya. Mu jahilai ma tsaya."

Har yau in na sunkuya zan ɗauki jarka sai su ce, "Ajiye, kada ƙwaƙwalwar ƙungiya ta zube."