Karin-Guga Ya Hau Allon Makaranta

A duk faɗin sakandaren nan babu ɗalibin da ya kai Karin-Guga daraja, kuma shi da bakinsa ya sha tabbatar da hakan. Ɗan ajin ƙarshe ne da Allah ya hore wa wando. Wasu an ba su ƙwaƙwalwa, wasu ƙafar buga ƙwallo, shi kuwa kari biyu aka ba shi, daga ƙugu har idon sawu, masu kaifin da za a iya fere fensir da su.

Baiwar ba a banza ta zo ba. Kullum da safe sai ya mamaye teburin falo da dutsen gugar yayarsa, ita kuma tana tsaye da rigar aikinta a hannu.

"Auta, ka tausaya wa wandon nan haka, ya ji jiki."

"Yaya, ba za ki gane ba. Jama'a na jira na."

Jama'ar dai 'yan korensa ne, masu riƙe masa jaka don kada igiyarta ta ɓata kafaɗar riga. A aji ba ya zama sai ya zama dole, domin zama yana karya kari. Can baya yake tsayawa ƙiƙam, har wani sabon malami ya daɗe yana tausayinsa, a zatonsa horo ake yi wa yaron.

Ilimin sanin mutane kuwa tuni ya sauke shi. Ba ya buƙatar jin sunanka, daga gwiwa yake fara karanta ka. Wanda ya ɗaga wa hannu ya shiga sahun manya a makon nan. Wanda ya kawar wa kai, shi kaɗai zai ci abincinsa lokacin tara.

"Ku dubi wancan," yakan ce wa 'yan koren. "Gwiwar wandonsa ta yi tulu. Ko ya zo na ɗaya, rayuwa ta riga ta kayar da shi. Fuska ba komai ba ce, kowa da wadda aka ba shi. Tufafi su ne mutum."

Abu ɗaya ke ci masa rai: ya kusa gamawa, kuma makaranta ba ta da riƙon amana, kana fita ta manta da kai. Sai ga shugaban makaranta ya sanar da cewa za a kafa sabon allo a bakin ƙofa, da hoton ɗalibi guda, allon da zai yi shekaru a wurin. Aka zaɓi Karin-Guga ba hamayya. Bai yi mamaki ba, sai dai ya yaba wa shugaban da ya fara hankali.

Ya yi kwanaki gaban madubi yana gwajin murmushi. Ranar ɗauka ya tambayi mai hoto wane gefen fuskarsa zai juyo.

"Duk wanda ya yi maka, samari," in ji mai hoton, yana durƙushe yana saita kyamara.

Ranar buɗe allo gwanin ya gayyato Ummansa da yayarsa, ya tara 'yan ƙananan aji ya yi musu jawabi.

"Ba don kaina na yarda ba. Na baya suna buƙatar abin koyi. In kun zo wucewa ta ƙarƙashina ba sai kun tsaya ba, ɗan rusunawa ya wadatar."

Aka yaye ƙyallen da ya rufe allon. A sama an rubuta CIKAKKEN KAYAN MAKARANTA. A ƙasa ga riga, ga bel, ga wando da karinsa biyu, ga takalmi, kowanne da kibiya tana nuna shi. Hoton daga kwalar riga ya fara. Inda kai ya kamata ya zauna, tambarin makaranta ne.

"Auta, wallahi ba ka taɓa yin kyau irin na yau ba," in ji yayarsa. Umma ta ja ta suka tafi, kafaɗunsu na rawa don dariya.

Kafin a tashi tara, yara da dama sun rantse cewa su ne a allon, har ɗaya daga cikin 'yan koren ya ce shi ma in an duba wuyan da kyau akwai kama. Karin-Guga ya ƙi shiga aji. Ya kafe a bakin ƙofa cikin rana, yana ɗage yana nuna allo, duk wanda ya gifta ya ce masa, "Ni ne fa." Zufa ta jiƙa rigar, ɗagen ya zaro ta daga cikin wando, ƙurar motoci ta gama da takalmin.

Ana haka wata mata ta iso da ɗanta da za ta sa a ajin farko. Ta tsaya gaban allon tana jinjina kai.

"Ka ga ɗan gidan mutunci. Haka nake so ka zama."

Gwanin ya matso da murmushinsa. "Mama, ai ni ne."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta mayar da ɗanta ɗaya gefen nata.

"Irin waɗannan kuma," ta ce wa yaron, "ko gaisuwa kada ta haɗa ku."