Yadda Nomau Ya Ɗauki Duhu

Ni nan da kuke gani, babu kyamarar fim da ba ta bi ta hannuna ba. To, ta bi ta hannuna dai a cikin jakarta, daga bayan mota zuwa zaure. Amma ai nauyin ɗaya ne.

A garinmu akwai wani mutum Nomau. Gidansa shi ne, da matarsa Tasalla, da agwagi goma sha. Nomau ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Saboda haka duk aikin da aka ɗauke shi, kafin la'asar an sallame shi. In an sallame shi, Tasalla ta miƙa masa tsumagiya ya kai agwagi tafki, yara na biye da shi suna kwaikwayon tafiyarsu. Kuma namijin agwagwar nan bai ɗauke shi maigida ba, cizonsa yake.

Wata rana sai ga wani mai shirya fim, Nazifi, ya sauka garinmu da wani dillali, Alhaji Bashari, da kyamarori biyu, babba da ƙarama. Ɗaya zai saya, amma sai ya gwada su kwana huɗu. Ya ce a cikin kowace akwai wani ɗan faranti, sansa, shi ne idonta na gaskiya, in shi ya lalace sauran duk kwalliya ce. Ya nemi mutum baƙi wuluk, aka nuna masa Nomau.

Tasalla ta ce, "Malam, kwana huɗu ne kacal. In aka koro ka wannan karon, kai da agwagi har kaka."

Nomau ya ce, "Ba za a koro ni ba."

Aka sa masa farar babbar riga, aka tsayar da shi tsakar rana. Nazifi ya ce kyamarar kirki za ta nuna fuskar Nomau, ta kuma nuna aikin zaren da ke wuyan rigar. Ta banza kuwa, ko fuska ta zama gawayi, ko riga ta zama fitila.

"Tsaya nan. Kada ka motsa sai na ce."

Ya ɗauka da babba, ya ɗauka da ƙarama, ya shige zaure duba hoto. Daga duba hoto aka kawo tuwo, daga tuwo barci ya kwashe shi. Da ya fito da yamma, ga Nomau nan inda ya bar shi, Tasalla tana ba shi fura a ludayi, wata akuya ta cinye rabin hannun rigar.

"Kai, me ya hana ka korar akuyar?"

"Ranka ya daɗe, ba ka ce ba."

Wata rana, wato kashegari, aka zo gwajin duhu. Wai in haske ya yi ƙaranci, kyamara mai raunin ido hotonta yakan fashe ya yi tsaki-tsaki. Nazifi da Alhaji Bashari suka shiga wani ɗakin ajiya da aci-bal-bal guda.

"Nomau, toshe duk inda haske yake shigowa."

Nomau ya cusa tsumma a taga. Ya liƙe tsagar bango da laka. Ya ja da baya ya duba, ya ga ai babbar kafar haske ita ce ƙofa. Ya ja ta daga waje, ya jera mata buhunan gero har sama, ya zauna a kai yana gadi. Can ya ji ana bugu.

"Buɗe mana."

"In na buɗe haske zai shigo."

"Na ce ka buɗe, ɗan nema."

"To wanne zan bi, na farko ko na biyu?"

Sai da aka kira masu dako. Alhaji Bashari ya fito jiƙe sharkaf, hula a hannu, yana cewa shi tun da yake dillanci ba a taɓa ajiye shi da gero ba.

Wata rana kuma aka ce za a ga wace kyamara ce take lanƙwasa abu in ya wuce da sauri. Aka ba Nomau keke, aka ce ya wuce ta gabansu da gudu, kada ya tsaya. Bai tsaya ba. A kasuwar ƙauye na uku aka tare shi, shi ma don taya ta fashe.

Nazifi ya ce, "Saura kuskure ɗaya. Ɗaya tak."

Wata rana, ranar ƙarshe, Nazifi ya riga ya yanke shawara babbar zai saya, don a duk gwajin nan ita ta fi kyan hoto. Alhaji Bashari sai washe baki yake, don ita ce mai tsada. Saura ɗauka guda: garken shanu da ke wucewa ta bakin gari da hantsi. An kafa babbar kyamara ke nan sai aka aiko mai gari yana kiran baƙi. Babu wanda za a bari sai Nomau.

"Saurara da kyau. Shanu na tasowa, danna jan maɓallin nan. Kuma ko ƙwayar ƙura ta taɓa gilashin nan, ka koma gida."

Shanu suka taso, ƙura ta taso gabansu kamar bango. Nomau ya dubi ƙura, ya dubi gilashi, ya tuna namijin agwagwa. Ya ɗauki murfi ya rufe gilashin ruf. Sannan ya danna jan maɓalli, ya tsaya yana murmushi har shanu suka wuce, har rana ta gasa kyamarar.

Da aka kunna a kwamfuta a zaure, baƙi. Aka matsa gaba, baƙi.

"Ina shanun?"

"Sun wuce lafiya. Ƙura kuma ko ɗaya."

Nazifi bai ko ɗaga murya ba. "Cire rigar, ka gaida gida."

Nomau ya fara zare riga. Kansa na cikin wuyan rigar ya ji Nazifi ya ce, "Dakata." Ya kusa manna hanci da kwamfutar. A cikin baƙin nan ga wasu ɗige-ɗige, ja da kore, sun kafe wuri guda. Da aka matsa gaba, inda kyamara ta ɗauki zafi, sai suka ƙaru, har da wani siririn layi daga sama zuwa ƙasa.

Alhaji Bashari ya ce, "Datti ne a fuskar kwamfuta." Ya goge da hularsa. Suna nan.

Nazifi ya ce, "Alhaji, sansan nan ya fara mutuwa. In akwai hoto sai su ɓuya a ciki, shi ya sa kwana uku ban gan su ba." Ya rufe ƙaramar ita ma, ya bar ta a rana, ya ɗauka. Baƙinta tsaf, kamar gindin tukunya. "Wannan zan saya. Nomau, mayar da rigarka. In mun fara fim kai ne mai murfi."

Tasalla da kanta ta kai agwagi tafki ran nan. Ni kuwa ina tsaye a bakin zaure, ni na fara hango jan ɗigon nan, tun kafin Nazifi.

Ina kawowa nan a labarin, sai Hudu mai faci, da ke cikin masu saurarona a teburin mai shayi, ya ajiye kofin shayinsa. "Kai da lambar waya ma sai ka miƙo mini na karanta maka, shi ne ka hango ɗigo daga bakin zaure?"

Na ce, "To, ɗigon ne babba."