Ƙusa Ɗaya a Bangon Haya

"Barka da asuba, amarya. Kin tashi la..."

Dogo bai ƙarasa gaisuwar ba. Kakarsa na zaune a tsakar falo, ta yafa mayafi, ta ɗora jaka a cinya. Tun da aka yi masa canjin wurin aiki ya kama hayan nan a bene, ya ɗauko ta saboda likitan gwiwarta yana kusa. Idan ta koma gida, babu mai kula da ita. Shi ya sa ya ƙare albashinsa a kan labule, darduma da furen roba, komai ya auna shi da tef, ya lissafa.

"Lafiya lau, mijin hotiho. Kai ni tasha."

"Tasha kuma? Matar da ba ta iya sauka bene sai an goya ta?"

"Da gindi zan sauka. Ai da shi na haifi uwarka."

"To me na rage ki da shi? Labule shida na sa. Dubi furen can."

"Furen da ko ƙuda ya ƙi shi? Wannan ba gida ba ne, ɗakin jiran likita ne. Ina agogon Malam?"

Dogo ya san wanda take nufi. Agogon bangon marigayi kakansa ne, yana cikin kwali a ƙarƙashin gado.

"Agogon tsohon mijinki a gidana? Wane ango ne zai yarda?"

"Ango ko angulu? Shi Malam da hannunsa ya gina mini ɗaki. Kai ko bangon ma aro ne."

"Kaka, mai gidan nan ya hana buga ƙusa. Rami ɗaya ya gani, sai ya ce mu tashi."

"Ashe dai miji na gudun ƙusa! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai ke biya, shi ke mulkin bango."

"Zan sayo miki sabo mai batir, na ajiyewa a kan tebur."

"Sayo wa kanka hankali tukuna." Muryarta ta sauka, ta daina kallonsa. "Tunda muka zo ban yi barcin kirki ba. Shekara da shekaru da ƙararsa nake kwana. Nan kuwa shiru kamar kabari."

Dogo ya duba wayarsa. Lokacin ofis ya gota, kuma sabon shugabansa ba ya karɓar uzuri. Ya dubi hannunta da ke matse da jakar, ya ga da gaske take. Ya cire takalmi, ya jawo kwalin, ya zaro ƙusar agogon daga ciki, ya ɗauko muciya a kicin.

"Idan aka kore mu, ke za ki ɗauki firji."

"Buga dai, raggo. Ko sai na kama maka hannu?"

Ya auna tsakiyar bango, ya yi bisimilla, ya ɗaga muciya. Bugu na farko ƙusar ta tsaya. Na biyu kuwa ta shige gaba ɗaya har kanta, don ashe bangon katako ne aka shafe da fenti. Daga can ɗaya ɓarin wani abu ya faɗo, ya tarwatse.

"Innalillahi! Madubina!" wata mata ta ƙwalla. "Wane ne wannan?"

Dogo ya sandare, muciya a sama.

"Shi ke nan. Kin kashe ni, tsohuwa."

Kaka ta ƙura wa ramin ido. Sai kafaɗarta ta fara rawa, dariya ta kece mata har da hawaye.

"Jarumi! Ƙusa ɗaya, gida biyu! Ko Malam bai taɓa wannan bajinta ba."

"Dariya ma kike? Bari in je in ba da haƙuri kafin ta kira mai gida."

"Da wannan fuskar taka? Sai ta ƙara da kiran 'yan sanda." Ta miƙa masa hannu ya tashe ta. "Ni zan je. Babu mai kai ƙarar tsohuwa. Kai ka tafi aikinka, ka biyo da madubi da ƙusa gajera. Matsa mini, in ga maƙwabciyata."