Abin da Baje Kolinku Ya Yi wa Gidana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Cibiyar Sana'ar Hannu da Ƙirar Zamani, uban magina da masaƙa, mai ɗakuna farare tas, wanda fitilunsa ke sa kwando ya yi ƙyalli kamar zinariya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da fatan kuma iyalinka suna ɗan zama a gida wani lokaci, ina neman izinin gabatar da kaina. Ni tsohon direban bas ne mai ritaya. Gidana yana bayan gininku, a layin da motocin kawo muku kaya suke toshewa. Ban zo kan wannan ba, na yafe. Na zo ne kan shekarar da kuka kwashe kuna baje koli ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kun tambayi mazan unguwa ko za su iya ɗauka ba.

Kafin ku buɗe, gidana shiru yake. Tun da autarmu ta sami aiki a wani gari, maiɗakina ta koma zaman bakin taga, ba ta magana sai an tambaye ta. Ni kuwa na ɗauka kwanciyar hankali ke nan. Sai surukarmu, matar babban ɗana, ta ga tallanku, ta tasa mu gaba. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Baje kolinku na farko na kujeru ne. Ɗaki cike da kujeru, ranka ya daɗe, ni kuma ga gwiwar tsohon direba. Na zaɓi wata mai ƙafa uku na zauna a hankali. Ban gama sauke numfashi ba sai ga yarinyar da ke tsaron ɗakin a guje, kamar na zauna kan jariri. "Baba, don Allah tashi, wannan ta kallo ce!" Na tambaye ta ina ta zama take, ta nuna mini dakalin siminti a waje. Shin ruwan da kuke sayarwa a bakin ƙofa, shi ma na kallo ne? Maiɗakina ta yi dariya ranar har sai da ta dafa bango, kuma bangon ma an ce kada a taɓa.

Na biyu. Da kuka kawo baje kolin tukwane, sai kuka buɗe ajin koyo a ɗakin baya. Wa ya roƙe ku? Maiɗakina ta shiga. Yau kofin da nake shan shayi da shi ginin hannunta ne, kuma ba ya tsayuwa a kan tebur. Dole in riƙe shi har in shanye, da zafi ko ba zafi. Da na ce ya karkace, sai ta ce, "Malam, malamarmu ta ce karkacewar ita ce hannun mai aiki." Ina ma a ce wannan malamar ce shugabata a lokacin da na goge wa bas gefe a jikin turken lantarki.

Na uku. Kun yi wani baje koli na kayan da aka ƙera daga abin da mutane suka yar. Tun daga nan babu abin da ke tsufa a gidana cikin mutunci. Murfin tukunya ya zama inuwar fitila. Tayar kekena ta zama gidan madubi. Rediyon da na daɗe ina niyyar kaiwa gyara, an ƙwaƙule cikinsa an dasa fure. Gaskiya furen ya fi rediyon aiki, amma ai ba a nan take ba.

Na huɗu, kuma ina roƙon ka karanta shi da tausayi. Maiɗakina ta yi ƙawaye. Akwai tsohuwar nas da ta koma saƙar kwando, akwai mai rini wadda hannunta kullum shuɗi ne, akwai wata doguwa da ban taɓa ganin ta ba zare a baki ba. Falona ya zama majalisarsu. Ni da na yi rayuwata ina jin hayaniyar fasinja ban taɓa jin surutu irin wannan ba. A dalilinsu na koyi dafa shinkafa da tsufana. Ranar da ta kama a gindin tukunya, sai suka kewaye ni suna yaba launin ƙanzon, mai rini har tana tambaya ko zan iya maimaita shi.

Na biyar shi ne babba. A ƙarshen shekara kun baje aikin ɗalibanku. Na sa rigata mai kyau na raka ta, ban san me ta kai ba, don ta ɓoye mini. Muna shiga sai na ga kakina na aiki a bango. Wato ta buɗe akwatina, ta yanyanka tsofaffin kakin, ta haɗa su da rigunan makarantar 'ya'yanmu da labulen ɗakinmu na farko, ta ɗinka wani ƙaton mayafi. Mutane sun yi cincirindo suna kallon aljihuna, da tabon biron da ya taɓa fashe mini a ciki. Wani bawan Allah ya matso da fuskarsa har ya kusa sunsuna shi. A wace doka aka halatta nuna aljihun mutum ba da saninsa ba?

Daga nan mataimakiyarka ta miƙa mata abin magana. Na ce a raina yau za mu ji kunya, matar da gaisuwa ma a taƙaice take yi. Sai ta gyara tsayuwa ta ce, "Maigidana ya yi rayuwarsa a kan hanya. Ni kuma na yi tawa ina sauraron ƙarar inji. Duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin kukan bas ɗinsa, tun daga kwanar layi nake ɗora ruwan zafi. Da ya bar aiki sai na rasa abin saurara. To ga su nan, shi da yaran, na haɗa su wuri ɗaya, ba mai sake tafiya."

Aka yi ta tafi. Ni dai a nan ne zan shigar da ƙorafi kan fitilun ɗakin. Sun yi ƙarfi da yawa, ranka ya daɗe, suna sa idon dattijo ruwa. Sai da na fita waje na ɗan jima. A rage su.

Yanzu ga dalilin wannan takarda. Maigadinku ya tsegunta mini cewa ana shawarar rufe ɗakin baya a mai da shi shagon sayar da tsaraba. Ina roƙonka da girman kujerarka, in dai ta zama ce, kada ka sa hannu. Ba don maiɗakina nake roƙo ba, don kaina ne. An ce badi da ginin siffar kawunan mutane za a fara, kuma shekaranjiya ina gyangyaɗi bayan cin abincin rana na ji zare yana zagaya goshina. Na buɗe ido, ta ce in daina motsi, wai kunnuwana suna da fasali. In kun rufe ɗakin, ajin nan gaba ɗaya falona zai dawo, ni kuma kai ɗaya tak gare ni a wuya.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma da yawan 'yan kallo.

Naka mai biyayya, wanda bai ƙara taɓa komai a cibiyarku ba,

Tsohon direban layin baya,
mijin mai mayafin da ke bangon hagu in an shiga.